Kocin Masu Jifa a Wasan Besbol: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mutumin da Aka Ba Amanar Hannun Wani

Wanda ya taɓa zama ya kalli wasan besbol na Amurka zai lura da wani mutum a rumfar 'yan wasa, sanye da rigar ƙungiya kamar kowa, amma ba ya shiga fili. Idonsa na kan mutum ɗaya tak, wanda ke tsaye bisa ɗan tudun da ke tsakiya. Can sai ka ga ya miƙe, ya tako a hankali zuwa tudun, ya dafa kafaɗar mai jifa, ya kare bakinsa da hannu ya yi 'yan maganganu, ya juya abinsa. Wannan shi ne kocin masu jifa. Ga tambayoyin da suka fi taso wa mai son sanin yadda sana'arsa take.

Me ya sa aka ware wa masu jifa kocinsu daban?

Domin a besbol babu abin da ke motsi sai mai jifa ya saki ƙwallo. Tsakaninsa da farantin da mai duka ke tsaye a gefensa mita 18.44 ne. Gwanayen yau suna jifa da gudun da ya kai kilomita 150 a awa ko fiye, ƙwallon ta isa kafin rabin sakan ya cika. Ana so ta bi ta wata taga da ido ba ya gani, faɗinta faɗin farantin, tsayinta daga gwiwar mai duka zuwa wajen ƙirjinsa. Idan mai duka ya kasa sau uku, ya fita. Idan mai jifa ya kauce wa tagar sau huɗu, an ba mai duka tashar farko, cikin tashoshin da ake zagayawa kafin a ci maki, a ɓagas.

A babbar gasar Amurka da Kanada, wato MLB mai ƙungiyoyi 30, kowace ƙungiya tana riƙe da 'yan wasa 26, kuma har 13 daga ciki kan zama masu jifa. Rabin ƙungiya ke nan. Biyar su ne masu buɗe wasa, suna karɓa-karɓa. Sauran 'yan ɗauki ne, suna jira a wani keɓaɓɓen wuri a gefen fili da ake kira bulfen. Wasanni 162 ake yi cikin kusan wata shida, kusan kullum. Mutum sha uku, kowa da irin jifansa da irin halinsa da inda jikinsa ke masa ciwo, sun fi ƙarfin manaja shi kaɗai. Tun a 1911 John McGraw na New York Giants ya gane haka, ya ɗauko tsohon abokinsa Wilbert Robinson ya kula masa da masu jifa. A shekarar da ta biyo, Rube Marquard, wanda aka fara fid da rai da shi, ya yi nasara a wasa 19 a jere.

Me yake yi a yini guda?

Yawancin wasanni da dare ake yi, amma shi tun da rana yana filin. Zai fara da duba wanda ya yi jifa jiya da shekaranjiya, jifa nawa ya yi, yau hannunsa zai ɗauka ko a bar shi ya huta. Zai ji ta bakin masu kula da lafiyar 'yan wasa. Daga nan ya tsaya a bayan mai buɗe wasan da ke atisayen tsakanin wasanni, ya sa ido kan inda ƙafarsa ke sauka da inda yatsunsa ke rabuwa da ƙwallo. Kafin wasa akwai zama na mutum uku ko huɗu: shi, da mai jifan ranar, da mai cafka (wanda ke tsugune bayan faranti yana cafe jifan), wani lokaci da ɗaya daga ma'aikatan lissafi. Za su bi masu dukan abokan hamayya ɗaya bayan ɗaya. Wane yana son ƙwallo ƙasa-ƙasa, kada a ba shi. Wane kuwa idan aka matse shi da jifa biyu sai ya bi duk wadda ta lanƙwasa waje.

Da an fara wasa sai ya koma kusa da manaja, yana ƙirga jifa, yana lura da gudu ko ya fara raguwa, yana ɗaga wayar rumfa ya ce wa kocin bulfen wane ya tashi ya fara ɗumama hannu. Bayan wasa kuma ga bidiyo.

Idan ya je tudu a tsakiyar wasa, me yake faɗa?

Sau da yawa ba wani dogon bayani ba ne, don sakan 30 kawai doka ta ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba a tsakiyar wasa ake koya wa mutum sabon salo ba. Wani lokaci tunatarwa ce guda: kafaɗarka tana saurin buɗewa. Wani lokaci shawara ce kan mai dukan da ke tafe. Wani lokaci kuwa ya zo ne kawai don yaron ya sami damar yin numfashi, ko don ɗan ɗaukin da ke bulfen ya ƙara minti guda na shiri. Rufe bakin da suke yi saboda kyamara ne, kada abokan hamayya su karanta leɓe.

Zuwan ma a ƙididdige yake. A 2018 aka fara taƙaita shi zuwa sau shida a wasa, aka mai da shi biyar a 2019, huɗu a 2024. Idan koci ya je wa mutum ɗaya sau biyu a zagaye guda cikin zagaye tara na wasa, dole a cire mai jifan. Saboda haka sanin lokacin tashi daga kujera shi ma gwaninta ce.

Dole sai mutum ya taɓa zama gwanin jifa kafin ya koyar?

A'a, kuma tarihin sana'ar cike yake da shaida. Leo Mazzone bai taɓa jifa ko ɗaya a MLB ba, a ƙananan rukunai ya ƙare wasansa. Amma daga 1990 zuwa 2005 shi ne kocin masu jifa na Atlanta Braves, kuma a hannunsa Tom Glavine da Greg Maddux da John Smoltz suka ɗauki kambun Cy Young, wanda ake ba gwarzon mai jifa na shekara, har sau shida a tsakaninsu. Dave Duncan ma ba mai jifa ba ne gaba ɗaya, mai cafka ne. Shekarun da ya yi a tsugune bayan faranti sun koya masa kallon mai jifa daga gaba, da karanta mai duka daga kusa. Mutum huɗu suka ɗauki Cy Young a ƙarƙashinsa: LaMarr Hoyt a 1983, Bob Welch a 1990, Dennis Eckersley a 1992, Chris Carpenter a 2005.

A zamanin nan ƙofar ta ƙara buɗewa. Matt Blake, wanda New York Yankees suka ɗauka a ƙarshen 2019, bai taɓa wasan kuɗi ba. A jami'a ya yi jifa, ya koyar a makarantar sakandare a jihar Massachusetts, ya yi aiki da ƙungiyar Cleveland a sashen renon 'yan wasa. Ethan Katz shi ma daga wata sakandare ta Los Angeles ya taso, inda ya koyar da Lucas Giolito da Max Fried da Jack Flaherty tun suna samari, kafin Chicago White Sox su ba shi aikin.

Akwai kuma waɗanda suka yi suna a fili sannan suka yi suna a koyarwa, irin su Johnny Sain da Mel Stottlemyre da Dave Righetti. Abin da na lura shi ne, wanda baiwa ta ɗauke shi tun yana yaro yakan sha wuyar bayyana abin da jikinsa ke yi da kansa. Wanda ya sha faɗi-tashi kuwa ya san sunan kowace matsala, domin ya kwana da ita.

To ta ina ake farawa?

Tsohuwar hanya ita ce ta ƙananan rukunai. Kowace ƙungiyar MLB tana da 'ya'yan ƙungiyoyi hawa-hawa, daga na sababbin shiga har zuwa wanda ke dab da babbar gasa. Tun gyaran 2021, manyan hawa huɗu suna da ƙungiyoyi 120. Ɗan wasan da hannunsa ya gaji ko aka sallame shi yakan fara koyarwa a hawa na ƙasa, cikin ƙananan garuruwa, tafiyar dare a bas, albashi kaɗan. Idan ya yi abin kirki a ɗaga shi sama, ko a naɗa shi mai tsara harkar jifa ta dukkan 'ya'yan ƙungiyoyin, daga nan kocin bulfen ko mataimaki a babbar ƙungiya. Mazzone ya haura shekara goma a wannan hanya kafin ya iso Atlanta.

Sabuwar hanya ta biyo ta jami'o'i da cibiyoyin horo masu zaman kansu. Derek Johnson ya yi suna a jami'ar Vanderbilt, inda ya reni David Price da Sonny Gray, kafin ya shiga wasan kuɗi. Minnesota Twins sun ɗauko Wes Johnson kai tsaye daga jami'ar Arkansas a ƙarshen 2018. Kyle Boddy, wanda ya kafa cibiyar Driveline a kusa da Seattle, Cincinnati Reds suka ba shi jagorancin renon masu jifansu a 2019.

Da gaske koci na iya canza mutum, ko dai gwani gwani ne ko a hannun wa?

Tambayar tana da tushe. Maddux ya riga ya ɗauki Cy Young a Chicago a 1992 kafin ya haɗu da Mazzone, kuma da Mazzone ya koma Baltimore a 2006 bai sami irin sakamakon Atlanta ba, aka sallame shi bayan kaka biyu. Ba a yin tuwo sai da gari.

Amma dubi Roy Halladay. A 2000, yana Toronto, matsakaicin makin da ake ci a kansa cikin zagaye tara ya kai 10.64, abin da ya isa ya kashe sana'ar mutum. Ƙungiyar ta mai da shi can ƙasa, kusa da inda ya faro. Wani tsohon koci, Mel Queen, ya karɓe shi ya rushe salon jifansa ya sake ginawa: ya sauko da hannunsa daga saman kai zuwa ɗan gefe, ƙwallon da a da take tafiya ɗoɗar ta fara nutsewa da kaucewa. A 2003 Halladay ya ci wasa 22 ya ɗauki Cy Young, ya sake ɗauka a 2010 a Philadelphia.

Mike Scott na Houston ya ci wasa 5 an cinye shi 11 a 1984. A lokacin hutu ya je wajen Roger Craig, wanda ya koya masa riƙe ƙwallo tsakanin yatsu biyu a wage, jifan da ke tahowa da gudu sai ya faɗi ƙasa dab da faranti. Ya ci 18 a 1985, a 1986 ya fitar da masu duka 306 ya ɗauki kambu. Gerrit Cole kuwa a Pittsburgh ana sa shi yawaita jifa mai nutsewa don a riƙa buga ta ƙasa. Da ya koma Houston a 2018, koci Brent Strom da ma'aikatan lissafi suka nuna masa cewa ƙarfinsa yana cikin jifa mai gudu a saman taga da masu lanƙwasa. Daga fitar da mutum 196 a 2017 ya kai 326 a 2019, kuma a ƙarshen shekarar Yankees suka ba shi kwantiragin dala miliyan 324 na shekara tara. Hannun bai canza ba. An sami wanda ya ga abin da ke cikinsa ne.

Akwai lokacin da ya kamata koci ya janye hannunsa?

Akwai, kuma a ganina nan ne ake gane babba a sana'ar. A 1997 Mariano Rivera na Yankees yana wasan jefa-ka-cafe da abokinsa Ramiro Mendoza, sai ƙwallonsa ta fara yanke hanya a ƙarshe ba tare da ya yi niyya ba. Shi da Mel Stottlemyre suka ɗauka matsala ce, suka yi ta ƙoƙarin miƙar da ita, ta ƙi. Daga bisani suka bar ta yadda take. Da wannan jifa guda Rivera ya rufe wasa 652 cikin nasara, adadin da babu wanda ya kai, kuma a 2019 ya zama na farko da duk masu zaɓe suka amince a sa shi a zauren gwarzayen besbol ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba. Da Stottlemyre mai taurin kai ne, da ya gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Jake Arrieta ma haka. A Baltimore an yi ta sauya masa tsayuwa da taku, ana cin sa fiye da maki biyar a zagaye tara. Da ya koma Chicago Cubs a 2013, kocinsu Chris Bosio ya ƙyale shi ya koma takunsa na asali, wanda ke gicciye jiki. A 2015 ya ci wasa 22, matsakaicinsa 1.77. Queen ya rushe ya gina, Bosio ya sakar wa mutum mara, kuma dukansu sun yi daidai, domin kowannensu ya kalli wanda ke gabansa ne, bai kalli wani zane da ke kansa ba.

Ba na'urori ne suka karɓe aikin yanzu ba?

Sun canza shi ƙwarai. Tun 2015 kowane filin MLB yana da tsarin Statcast, wanda ke auna gudun kowane jifa da yawan juyawar ƙwallo a iska da nisan kaucewarta. A 2020 aka koma amfani da kyamarorin Hawk-Eye. A wurin atisaye akwai na'urorin auna jifa irin su TrackMan da Rapsodo, da kyamarar Edgertronic mai nuna yadda ƙwallo ke barin yatsa a hankali kamar an tsai da lokaci. Abin da a da koci zai shafe wata yana lalube, yanzu ana matsar da yatsa kaɗan a kan ɗinkin ƙwallo, a jefa, a duba allo nan take. Har ƙera sabon jifa ake yi da gangan. Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma wanda ya ƙi koyon karanta waɗannan alƙaluma ya rasa gurbinsa.

Sai dai allo ba ya sanin cewa yaron nan bai yi barci ba saboda matarsa na asibiti, ko cewa yana ɓoye ciwon gwiwar hannu don tsoron a mai da shi ƙasa. Kuma shafi goma na lissafi ba ya shiga kan mutumin da ke tsaye gaban 'yan kallo dubu arba'in. Sai an sami wanda zai tace shi ya zama magana ɗaya. Strom, wanda aka haifa a 1948, ya haura shekara saba'in yana wannan aiki a Houston da Arizona, kuma yana cikin waɗanda suka fi rungumar lissafin. Shekaru ba su ne matsalar ba.

Wa ke da laifi idan hannun mai jifa ya lalace?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai. Jifa daga saman kafaɗa da dukkan ƙarfi abu ne da gwiwar hannun ɗan Adam ba ta jure masa har abada. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar da ke ɗaukar nauyin, kuma idan ta tsinke sai tiyata. A watan Satumba na 1974 likita Frank Jobe ya fara gwada dasa wata jijiya a madadinta a hannun Tommy John na Los Angeles Dodgers. John ya dawo ya ci wasa 164 bayan aikin, shi ya sa tiyatar ke ɗauke da sunansa har yau. Strom kansa yana cikin na farko-farkon da aka yi wa. Jinyar takan ci shekara guda zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma ba kowa ke dawowa yadda yake ba.

Abin mamakin shi ne, yau masu jifa ba sa daɗewa a wasa kamar na da. Bob Gibson shi kaɗai ya yi wasa 28 daga farko har ƙarshe a 1968. A 2023, duk masu jifan ƙungiyoyi 30 a haɗe ba su kai 40 ba. Ana cire mutum da ya kusa jifa 100. Duk da haka rauni bai ragu ba. A farkon Afrilun 2024, cikin 'yan kwanaki, Eury Pérez da Shane Bieber da Spencer Strider duk suka tafi jinyar gwiwar hannu. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ɗora alhakin a kan agogon da aka kawo a 2023, wanda ke tilasta jifa cikin sakan 15 idan babu kowa a tasha. Hukumar gasar ta musanta, kuma a Disambar 2024 ta fitar da rahoton da ta ji ta bakin mutum fiye da 200, wanda ya nuna cewa babban dalili shi ne tseren ƙara gudu da ƙara lanƙwasa, da jifa da iyakar ƙarfi kowane lokaci.

A nan koci yake tsaka mai wuya. Ya san ƙarin kilomita uku a awa na iya zama bambancin yaron da zai sami miliyoyi da wanda za a sallama. Yaron da kansa shi ke roƙo a ƙara masa. Ƙungiya tana auna kocin da yawan waɗanda aka fitar. Amma garin neman gira ana rasa ido. Ban ɗora wa koci laifin tsarin da ya fi ƙarfinsa ba, sai dai ina ganin akwai abin da ke wuyansa shi kaɗai: ya zama mutumin da ɗan wasa zai iya gaya wa "hannuna na ciwo" ba tare da fargaba ba, kuma ya iya tsayawa gaban manaja ya ce yau wane ba zai yi jifa ba, ko da wasan na da muhimmanci. Hannun ba nasa ba ne, ba na ƙungiya ba ne. Da shi yaron zai ci abinci, da shi zai ɗauki 'ya'yansa.

Matsalar ma tun daga yarinta take farawa. Shi ya sa gasar yara ta Little League ta sa iyakar jifa tun 2007. Ɗan shekara 11 ko 12 ba ya wuce 85 a rana.

Shi ke yanke shawarar cire mai jifa?

Manaja ke yankewa, koci shawara yake bayarwa, kuma a yau ofishin lissafi ma yana da baki tun kafin a fara wasa. A wasa na shida na World Series, wato karon ƙarshe na cin kofin MLB, ta 2020, Blake Snell na Tampa Bay ya yi jifa 73 kacal, ya fitar da mutum tara, ƙungiyarsa na gaba da 1 da 0, manaja Kevin Cash ya cire shi a zagaye na shida don kada masu dukan Dodgers su gan shi karo na uku. Dodgers suka ci 3 da 1 suka ɗauki kofi. Cash aka yi ta zargi, ba kocin ba.

Zaman manaja da koci kamar zaman aure ne. Duncan da Tony La Russa sun yi kusan shekara talatin tare a Chicago da Oakland da St. Louis, suka ɗauki kofi a 1989 da 2006 da 2011. Sain kuwa masu jifa suna ƙaunarsa, manajoji ba sa jimawa da shi, don yakan tsaya wa yaransa. Ya zaga Yankees da Minnesota da Detroit da White Sox, kuma kusan duk inda ya sauka sai wani ya ci wasa 20. Denny McLain har 31 ya ci a 1968.

Akwai kuɗi a ciki? Aikin yana ɗorewa?

Akwai rufin asiri a babbar gasa, amma ba a haɗa shi da na 'yan wasa. Mafi ƙarancin albashin ɗan wasan MLB a 2024 dala 740,000 ne, kuma yawancin koci ba sa kai wannan. A ƙananan rukunai abin ya yi ƙasa sosai. Kwantiragi na shekara ɗaya ne ko biyu ko uku, kuma idan ƙungiya ta shiga faɗuwa, sallamar koci ta fi sallamar ɗan wasa mai kwantiragin miliyoyi sauƙi. Ray Searage na Pittsburgh an yi ta yabonsa da ya farfaɗo da A.J. Burnett da Francisco Liriano. Da Cole da Charlie Morton da Tyler Glasnow suka bar ƙungiyar suka haskaka a wasu wurare, sai yabon ya juye, aka sallame shi a 2019. Irin su Don Cooper, da ya riƙe White Sox daga 2002 zuwa 2020, da Righetti, da ya riƙe San Francisco daga 2000 zuwa 2017 har da kofi uku, ba su da yawa.

Manyan jami'o'i yanzu suna gogayya da MLB wajen neman waɗannan mutane. Wes Johnson ya bar Twins a tsakiyar kakar 2022, suna saman rukuninsu, ya koma jami'ar jihar Louisiana, inda shi da Paul Skenes suka ɗauki kofin jami'o'i a 2023.

Yana iya zama manaja?

Yana iya, amma ba a cika yi ba. Tsofaffin masu cafka aka fi ba wannan kujera. Roger Craig ya riƙe San Francisco, Bud Black ya riƙe San Diego da Colorado, John Farrell ya ɗauki kofi da Boston a 2013.

Haka aikin yake a wasu ƙasashe?

A Japan ƙungiyoyi 12 ne, wasa 143, kuma mai buɗe wasa yakan yi jifa sau ɗaya a mako. An san su da al'adar yawan atisaye, amma akwai masu sauya tunani. Masato Yoshii, wanda ya yi wasa a Japan da Amurka, ya koma jami'ar Tsukuba ya karanci ilimin koyarwa bayan ya riga ya fara aikin koci. Ya yi aiki da Yu Darvish da Shohei Ohtani a Nippon-Ham Fighters. A Chiba Lotte kuwa, inda Yoshii yake kocin masu jifa a lokacin, da matashi Roki Sasaki ya zo a 2020 da gudun da ya haura kilomita 160, ba a sa shi a wasa ko ɗaya ba duk shekarar, aka tsaya gina jikinsa. A Afrilun 2022 Sasaki ya yi wasan da babu mai duka ko ɗaya da ya kai tashar farko, ya fitar da 19. Yoshii ne kocin masu jifan Japan da suka ɗauki kofin duniya na besbol a 2023.

A Jamhuriyar Dominika kuwa duk ƙungiyoyin MLB suna da makarantun renon yara, kuma can ma akwai kocin jifa da yawa, galibinsu 'yan ƙasa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan wasan MLB ba a Amurka aka haife su ba, don haka kocin da ke jin Sifaniyanci ya fi wanda sai da tafinta.

Mata fa?

Ƙofar ta fara buɗewa a sauran sassan koyarwa. Alyssa Nakken ta zama mace ta farko a cikin masu horar da babbar ƙungiya a San Francisco a 2020, kuma tun 2011 Justine Siegal ta yi wa masu dukan MLB jifan atisaye. Kujerar babban kocin masu jifa dai maza ne ke kanta zuwa yanzu.

Ɗan Afirka yana da hanya?

Hanyar siririya ce amma akwai ta. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ne ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar da ya shiga MLB, a 2017, sai ɗan ƙasarsu mai jifa Tayler Scott a 2019. Dodgers suna da makaranta a Yuganda, kuma a 2022 suka ɗauki matasa biyu daga can. A 2023 Pittsburgh suka ɗauki wani mai jifa ɗan Yuganda, David Matoma. An buga besbol a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003. Inda aka fara samun yara masu jifa, dole a buƙaci wanda zai koya musu yadda za su yi ba tare da sun nakasa kansu ba, kuma wannan gurbi a nahiyar har yanzu da saura.

Idan kaka ta ƙare, yana hutawa?

Kaɗan. Wasanni na ƙarewa a ƙarshen Satumba, ko ƙarshen Oktoba ga waɗanda suka kai World Series. Daga nan sai ya zauna ya rubuta wa kowane mai jifa tsarin lokacin sanyi: makonni nawa zai ajiye ƙwallo, yaushe zai fara jefawa a hankali, wane jifa zai gwada ƙarawa. Da yawansu suna tafiya cibiyoyi masu zaman kansu da nasu malamai, don haka sai ya riƙa bin su ta waya da bidiyo, kada abin da ake koya musu can ya ci karo da na ƙungiya. Ofis kuma yana aiko masa da bidiyon waɗanda ake son saye, a ji ko yana ganin abin gyarawa a jikinsu. Wanda kwantiraginsa ya ƙare, a wannan lokacin yake jiran kira. A tsakiyar Fabrairu ake buɗe sansanonin share fage, ƙungiyoyi 15 a Florida, 15 a Arizona, kuma masu jifa da masu cafka ne ke fara isa, kwanaki kafin sauran 'yan wasa, don hannu ya fi komai jinkirin shiryawa. Kocin yana can kafin su iso.